In za ka yi tafiya sa kambas ɗinka a jaka: yadda ake gudu a baƙon gari

Duk wanda ya saba fita gudu da sassafe ya san abin da tafiya take yi wa mutum. Sati biyu kacal za ka yi a wani gari, biki ne ko hutun ƙarshen shekara ko kwas aka tura ka daga ofis, ka dawo ka tarar numfashin da ka yi wata uku kana tarawa ya gudu ya bar ka, tumbi kuma ya yi sallama. Tun da abin ya faru da ni sau biyu na kafa wa kaina doka, ko kwana uku zan yi kambas ɗina ne farkon shiga jaka, kafin ma hula. Ni fa ba ɗan wasa ba ne, ma'aikaci ne mai iyali wanda ya fara sassarfa don likita ya ce hawan jini na leƙo ni, amma dai na yi gudu a garuruwa da ɗan dama, na sha wuya a wasu, to bari in rage muku hanya.

Maganar kaya ba ta da tsawo. Takalmin da ƙafarka ta riga ta sani, safa ƙafa biyu, riga marar nauyi mai saurin bushewa, wandon tirenin, sai ɗan man basilin. Cusa safar a cikin takalmin ka sa shi a leda, shi ke nan.

Inda aikin yake shi ne nemo hanya. Da yawa suna buɗe Google Maps su ga wani layi miƙaƙƙe su ce gobe nan zan bi. Taswira ba ta nuna kare, ba ta nuna kwata a buɗe, ba ta gaya maka cewa ƙarshen layin nan shingen sojoji ne. Abin da nake yi, da na sauka na ajiye jaka sai in je wajen mai gadi, ko na otal ko na gidan da aka sauke ni, mu gaisa sosai in ce masa baba don Allah ina masu motsa jiki suke bi da asuba a nan unguwar? Wallahi ban taɓa ganin wanda ya san wannan amsar kamar mai gadi da mai shayin bakin layi ba, su ne idonsu biyu lokacin da kowa ke barci. Su za su ce maka kar ka bi bayan makarantar can, yara na ƙwacen waya. Bayan na ji ta bakinsu sannan nake duba Strava, manhajar waya ta masu gudu, in ga inda masu gudu suka fi takawa, in maganar biyu ta zo ɗaya to na samu hanya. Kuma da yamma kafin magariba nakan taka da ƙafa ko in hau adaidaita in ga wajen da idona.

Ranar farko kada ka yi zagaye. Ka miƙe minti goma sha biyar ko ashirin, ka juyo ta inda ka bi. Zagaye a garin da ba ka sani ba shi ne yadda mutum yake fita gudun kilomita 5 ya ƙare da 12 yana tambayar masu shara hanya, ni ya faru da ni a Abuja, unguwar da duk gidajen kamarsu ɗaya, ga shi ban riƙe sunan layin ba, ga wayar na bar ta a caji. Tun daga ranar nake rubuta sunan masauki da lambar wani nawa a 'yar takarda in sa a aljihu tare da katin shaida da kuɗin mota. Ka gaya wa wani inda ka nufa da lokacin da za ka dawo. Ka bi gefen da kake fuskantar motoci, a Najeriya da Nijar da Saudiyya gefen hagu kenan tunda dama ake tuƙi, amma in Allah ya kai ka Ingila ko Kenya ko Afirka ta Kudu abin ya juye, su hagu suke tuƙi, kuma nan ne baƙi ke kuskuren duba ɓangaren da ba shi ba wajen tsallaka titi. Abin kunnen nan na jin waƙa ko karatu, cire shi sai ka san gari. Sannan kar ka fita cikin duhu sosai, yi asuba, ɗan yi azkar, gari ya fara wayewa tukuna, mutum yana gudu cikin duhu a unguwar da ba a san fuskarsa ba ai ka san sunan da za a kira shi.

Wuraren da ni na ji daɗinsu. A Abuja bakin tafkin Jabi ranar Asabar da safe, za ka tarar da jama'a kamar ana rabon kuɗi, masu gudu da masu tsalle-tsalle da kiɗa, in kana jin kunyar gudu kai kaɗai nan za ka warke. In kuma shiru kake so akwai Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, sai dai ka tambayi lokacin buɗe ƙofa. A Kaduna dandalin Murtala. A Zariya cikin jami'ar ABU a Samaru, bishiyoyi da inuwa da titi marar hayaniya, kuma shawarata ga 'yan uwa mata ita ce irin waɗannan wuraren, harabar jami'a ko filin wasa, ku biyu ko uku, da hijabi marar nauyi da dogon wando ba mai ce muku komai. Baƙon da ya zo mana Kano kuma nakan kai shi sabuwar BUK, in ya cika baki in kai shi matattakalar Dala ya hau ya sauka sau uku mu ga ƙarya. A Yamai bakin kogin Kwara wajen gadar Kennedy da sanyin safiya, amma ka gama da wuri don rana can ba ta da wasa.

Jos kuwa sai na ɗan tsaya a kanta, don ita ta fara koya min cewa gari ne ke yanke maka saurin da za ka yi, ba agogon hannunka ba. Garin yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, Kano ba ta kai rabin haka ba. Na fita wajen Rayfield a watan Disamba da niyyar yin saurin da na saba a gida, ko kilomita biyu ban yi ba na ji ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa, ga sanyi yana yanka kunne, ga hawa da gangara ba iyaka, wasu yara suka zo suka wuce ni suna hira abinsu. Daga baya na gane ba banza ba yawancin masu dogon gudun Najeriya daga Filato suke fitowa, musamman wajen Pankshin. Can sama iska ba ta da kauri, kowane numfashi abin da yake kai wa jini ya ragu, jiki sai ya ɗau kwanaki kafin ya saba. Shi ne sirrin garin Iten na Kenya da yake wajen mita 2,400, inda zakarun duniya ke tarewa suna tirenin. To in ka je gari mai tudu, kwana biyun farko rage sauri, auna da baki: in ba za ka iya yin magana jimla guda kana gudu ba, ka yi yawa. Wajen hawa gajarta taku, wajen gangara kar ka saki jiki, gangara ce ke cin gwiwa.

Masu zuwa Umara, ni ban cika ba da shawarar gudu can ba, ibada ta kai ka kuma ƙafa na da aiki, sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa sau bakwai wajen kilomita 3 ne. Amma a Madina akwai hanyar ƙafa daga Masallacin Annabi zuwa Kuba, ita ma wajen kilomita 3, taka ta da sauri bayan asuba ka yi nafila ka dawo, ka haɗa lada da motsa jiki.

Yanzu maganar tsere. Wanda ya fi jan mutanenmu shi ne gudun famfalaƙi na Legas da aka fara a 2016, ana yin sa a watan Fabrairu, akwai cikakken mai kilomita 42 da mita 195, akwai na kilomita 10. Akwai na Okpekpe a jihar Edo kusa da Auchi, kilomita 10 ne amma tudu ne zalla, Kaduna ma ta yi nata na kilomita 21 a Nuwamban 2020. In ba ka taɓa shiga ba don Allah fara da 10. Na san zuciya za ta ce ai kai namiji ne, ƙyale ta. Mai niyyar 42 yana buƙatar wata huɗu aƙalla yana fita sau uku ko huɗu a sati, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma a kan na satin baya, har ya kai ya yi wajen kilomita 30 sau ɗaya ko biyu, na ƙarshen ya zama saura sati uku. Sati biyun ƙarshe ragewa ake yi ba ƙarawa ba, abin da ba ka tara ba a wata huɗu ba za ka tara shi a kwana goma ba. Mai hawan jini ko suga ko wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ya ga likita kafin ya yi rajista. Kuma ka duba kalanda, azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, ka tabbata ranar ba ta faɗa cikin Ramadan ba.

Babban tarkon ɗan Arewa a Legas shi ne yanayi. Kai ka yi tirenin ɗinka a Disamba da Janairu cikin hunturu, iska busasshiya, gumi na fita yana bushewa nan take, kana jin kanka kamar doki. Ka sauka Legas iskar jiƙe take kamar tawul ɗin wanka, gumin ya fito ya ƙi bushewa, kuma bushewar gumin ita ce ke sanyaya jiki, to sai zafi ya taru a ciki zuciya ta yi ta bugu. Maganinsa, a satuttukan ƙarshe ka riƙa yin wasu gudun da hantsi ko da la'asar don jiki ya san zafi, ka isa Legas da kwana biyu, ranar tseren kuma ka ƙara wa kowace kilomita rabin minti a kan abin da ka saba. In ta mota za ka, tafiyar ta kai kilomita dubu, ƙafa kumbura take a zaune, kar ka sauka yau ka ce gobe za ka yi gudu.

Samu masauki kusa da inda za a tashi don ana rufe tituna tun da duhu. Lokacin da na yi daga filin wasa na Surulere aka tashi, sai na sauka wajen 'yan uwa a Idi-Araba, ga shi kusa, ga tuwo da shayi irin na gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, daren tsere ba daren gwada sabon abinci ba ne, wani abokin tafiyarmu ya ga miyar da bai taɓa ci ba ya ce sai ya ɗanɗana, washegari a neman bayan gida ya yi nasa tseren. Ci shinkafa ko taliya da wuri, yaji kaɗan. Karɓo lambarka ta shiga tsere tun kafin ranar ka maƙala ta a riga da dare. Da safe shayi da burodi awa biyu kafin tashi, yi alwala daga masauki, ka lissafa inda za ka yi asuba don a Legas tana ɗan makara a kan ta Kano. Shafa basilin a cinya da hammata, kan nono kuma manna filasta, kar ka yi dariya, na ga ƙato da jini a gaban riga. Sabon takalmi haramun ne ranar, ni na gwada, bororo biyu na samu da farce ɗaya da ya yi baƙi ya fita.

Da an busa za ka ga mutane sun zuba a guje kamar an biyo su, ƙyale su, yawancinsu za ka same su a zaune a gefen titi. 'Yan Kenya da Habasha kuwa ko ƙurarsu ba za ka gani ba, ba da su kake yi ba. A hanyar da muka bi lokacin, inda aka raba aiki shi ne gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, ba bishiya ba inuwa ba masu tafi, kana gani kamar ƙarshenta na matsawa gaba. Kar ka kalli ƙarshen, ƙirga fitilun titi, ko ka samu wani mai irin takunka ka manne masa. Duk inda aka ba da ruwa kurɓa kaɗan ka zuba saura a ka, kar ka cika ciki, yawan ruwa ba gishiri shi ma yana kayar da mutum. Ni dabino nake sawa a aljihu, bayan awa ɗaya in fara cin ɗaya ko biyu duk rabin awa, da ɗan ruwan gishiri da suga. Wajen kilomita 30 zuwa 35 ƙafa za ta ce ita fa ta gama, sugan da jiki ya tara ne ya ƙare, a nan taka minti ɗaya ka yi sassarfa minti huɗu, ba abin kunya ba ne. Amma in ka ji jiri, ko sanyi na kama ka cikin rana, ko ka rasa gane inda kake, tsaya ka nemi masu agaji, wannan ba gajiya ba ce.

In ka shiga Eko Atlantic, inda tseren ke ƙarewa, aka rataya maka lambar yabon nan a wuya, kar ka zube a ƙasa nan take, ci gaba da takawa minti goma, sha ruwa, ci ayaba, canja riga. Kuɗin mota ya kasance a jikinka don daga can zuwa masauki tafiya ce, ga gosulo. Kuma kar ka yanki tikitin komawa na ranar, bari sai jibi. Matattakala da baya-baya za ka riƙa sauka, zaman tahiya kuwa ni sai da na yi kwana uku ina miƙe ƙafa ɗaya a sahu, wani dattijo a masallacin Idi-Araba har yana tambayata ko haɗarin acaɓa na yi.