Kurakuran da ake yi wajen zaɓen littafin Turanci na ƙaramar sakandare

Duk shekara sai sabon malami ya zo da littafi mai bango mai sheƙi, yana murna ya samo abin koyar da Turanci. Ka tambaye shi dalilin zaɓensa, ya ce hotunan sun yi kyau, ko kuma an rubuta sunan ajin a bango. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na rubuta.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne ɗauko littafin da ya fi ƙarfin yara. Littattafan Turanci kala biyu ne. Akwai wanda aka rubuta wa yaron Ingila ko Amurka, wanda ya tashi da harshen a bakinsa, ya shigo aji da dubban kalmomi, abin da ya rage masa adabi ne da iya rubutu. Akwai kuma wanda aka rubuta wa mai koyon Turanci a matsayin baƙon harshe. Dukkansu za ka ga an ce na 'yan shekara 11 zuwa 14 ne, amma tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

Na taɓa koyarwa a wata makaranta da hukumarta ta sayo kala na farko, don iyaye su ga ana karatu mai zurfi. Darasin farko labari ne mai shafi uku. Na ce kowa ya ja layi a ƙarƙashin kalmar da bai sani ba. Wata yarinya ta miƙo min nata, fensir ya cinye shafin, ta kuma ce min sai da ta fere shi kafin ta gama. Daga nan aikina ya koma fassara, jimla bayan jimla. Abin da ya fi ƙona min rai, yaran sun koyi jira: ba mai ƙoƙarin karantawa, tunda malam zai faɗi ma'ana. Wannan ɗabi'ar ta fi littafin daɗewa a jikinsu.

Masana sun auna wannan tuni. Binciken Batia Laufer na 1989 ya nuna mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 95 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya gane abin da ake faɗa. Hu da Nation, a 2000, suka kai shi kashi 98 ga mai karatu shi kaɗai ba mai taimako. Wato baƙuwar kalma ɗaya cikin 20 idan malami na kusa, ɗaya cikin 50 idan ba ya nan.

Ni ga yadda nake yi. Ina ɗauko shafi daga tsakiyar littafin, don babin farko kullum da sauƙi yake. In ba yara 'yan tsaka-tsaki da na layin baya, ban da zakarun aji, su ja layi a ƙarƙashin kalmar da ba su sani ba. Idan shafi mai kalma 200 ya dawo da layi sama da 10, na ajiye littafin, ko wace ce maɗaba'ar. Ina kuma duba matakinsa a ma'aunin CEFR, wato ma'aunin ƙwarewa a harshe, wanda aka fitar a Turai a 2001, mai hawa shida daga A1 na masu farawa zuwa C2 na ƙwararru. Yaron da bai daɗe da fara Turanci ba, A1 ne wurinsa ko A2, komai tsayinsa.

Na biyu, rashin lissafin lokaci. Hukumar jarrabawar Turanci ta Cambridge ta ƙiyasta cewa mai farawa daga tushe yana buƙatar awa 180 zuwa 200 na darasi kafin ya kai A2, awa 350 zuwa 400 kafin B1. To Malam, zauna ka yi lissafi. Darasi uku a mako, kowanne minti 40, awa biyu ke nan. A mako 36 awa 72, kafin a cire makon jarrabawa da ranakun da ba a yi karatu ba. Da wannan za ka ɗauko ƙaton littafi mai babi 12, ka ce za ka kai ƙarshe? Na san abin da za ka yi. Za ka tsallake sauraro, ka tsallake hira, ka tsaya kan nahawu saboda shi ne mai sauƙin rubutawa a allo da sauƙin yi wa maki. Sai a gama shekara yaro ya haddace ƙa'idar lokutan aikatau amma ya kasa tambayar ƙarfe nawa. Ba laifin yaron ba ne, kai ka zaɓi littafin. Ni siririn littafi nake ɗauka in gama shi, ko in raba babba shekara biyu ba tare da jin kunya ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kar ka sayi littafin da rabin darussansa sauraro ne alhali ba ka da sautin, ko ba abin kunna shi a aji. Littafin jagoran malami ba ƙawa ba ne, sabon malami ya fi kowa buƙatarsa. Tabbatar duk aji bugu ɗaya suke riƙe da shi, in ba haka ba ka ce shafi na 40 kowa ya buɗe abu daban. Littafin manya mai koyar da kama ɗaki a otal da ganawar neman aiki ba ya jan hankalin ɗan shekara 12, na 'yan firamare mai zanen dabbobi masu magana kuma raini yake ɗaukarsa. Turancin Ingila ko na Amurka, zaɓi salon rubutu ɗaya ka tsaya a kai.

Akwai gwajin da kusan ba mai yi: ɗauki kalmomi biyar daga babi na 2, ka neme su a babi na 5 da na 8. Kalma ba ta zama a ka da gani ɗaya, sai an yi ta haɗuwa da ita. Idan ba su dawo ba, littafin zuba kalmomi kawai yake yi yana wucewa, kuma kai za ka cike giɓin da ƙananan littattafan labari masu hawa-hawa, irin Oxford Bookworms, wanda matakinsa na 1 aka gina kan kalmomi 400.