Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Bayanin Zaɓen Majalisar Girinlan na 2025

A ranar 11 ga Maris, 2025, mutanen tsibirin Girinlan suka zaɓi 'yan majalisar dokokinsu, wadda suke kira Inatsisartut. Masu rajista dubu 40 ne da 'yan kai, amma da yake Shugaban Amurka Donald Trump ya yi ta nanata cewa yana son tsibirin ya koma hannun ƙasarsa, sai zaɓen ya cika kafofin labarai na duniya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi sharhi a kansa sun auna shi da mudun da ba nasa ba.

Tun daga matsayin yankin ake fara kuskure. Wasu suna kiransa ƙasa mai 'yanci, har su ce an yi zaɓen shugaban ƙasa, wasu kuma suna mayar da shi tamkar jiha a cikin Denmak, alhali kuwa babu ɗaya daga cikin biyun da ya dace. Girinlan yanki ne mai cin gashin kansa a ƙarƙashin masarautar Denmak, ya samu ikon tafiyar da harkokinsa na cikin gida a 1979, sannan aka faɗaɗa ikon da dokar 2009. Ilimi, lafiya, kamun kifi da ma'adinai suna hannun gwamnatin da ke Nuuk, babban birnin tsibirin, yayin da tsaro, nau'in kuɗin da ake amfani da shi da mafi yawan harkokin waje suka rage a hannun Denmak. Abin da ya kamata a rubuta shi ne zaɓen majalisar dokoki mai kujeru 31, kuma a kula kada a haɗa shi da zaɓen wakilai biyu da tsibirin ke turawa majalisar Denmak, domin wannan zaɓe ne daban da ake yi a lokaci daban.

Kuskuren da ya fi kowanne girma, a ganina, shi ne ɗaukar zaɓen a matsayin ƙuri'ar raba gardama kan Trump ko kan ɓallewa daga Denmak. Babu wata tambaya irin wannan a takardar ƙuri'a. Jam'iyyar Demokraatit, wadda ta zo ta ɗaya da kusan kashi 30 cikin ɗari da kujeru 10, tana son 'yanci amma a bi sannu a hankali har tattalin arziƙi ya tsaya da ƙafarsa. Naleraq, wadda ta zo ta biyu da kujeru 8, tana son a gaggauta. Idan mai sharhi ya ce jama'a sun zaɓi jinkiri, ina zai kai ƙuri'un Naleraq da suka ninka? Idan kuma ya ce sun zaɓi gaggawa, me zai ce da jam'iyyar da ta tashi daga kujeru 3 zuwa 10 tana kiran a yi haƙuri? Gyaran shi ne a duba waɗanda suka faɗi maimakon waɗanda suka tashi kaɗai. Jam'iyyu biyu da ke riƙe da gwamnati a lokacin, wato Inuit Ataqatigiit ta Firimiya Múte Egede da kuma Siumut, sun shiga zaɓen da ƙarfin kujeru 22 da suka ci a 2021, suka fito da 11. Wannan hukunci ne da masu zaɓe suka yanke wa gwamnati mai ci, kuma cikin dalilansa akwai sabuwar dokar kamun kifi ta 2024 wadda ta ɓata wa masunta da yawa rai, a wurin da kifi da jatan lande ke samar da kusan kashi 90 cikin ɗari na kayan da ake fitarwa waje. Wanda ya rubuta labarin wannan zaɓe bai ambaci kifi ba, to labarin Amurka ya rubuta.

Mai karatun da ya saba da zaɓen shugaban ƙasa irin na Najeriya yana iya ɗauka cewa wanda ya zo na ɗaya ya karɓi mulki ke nan. A tsarin majalisa sai an samu rinjaye, wato kujeru 16 daga cikin 31, kuma Demokraatit 10 kawai ta samu. Sai a ranar 28 ga Maris shugabanta Jens-Frederik Nielsen ya ƙulla ƙawance da Inuit Ataqatigiit da Siumut da Atassut, suka haɗa kujeru 23, sannan majalisa ta zaɓe shi firimiya a watan Afrilu. Abin lura a nan shi ne jam'iyyun da suka sha kaye sun koma cikin gwamnati, ita kuwa Naleraq da ta zo ta biyu ta zama 'yar adawa ita kaɗai. Saboda haka a daren sakamako daidai ne a ce jam'iyya kaza ta fi yawan kujeru, amma a dakata da cewa ta kafa gwamnati har sai an sa hannu kan yarjejeniya.

Akwai kuma masu neman sanin wa ya ci mazaɓa kaza. Tsibirin gaba ɗayansa mazaɓa ɗaya ce, ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu, ko da yake babu hanyar mota da ta haɗa garuruwan, sai ta jirgin ruwa ko na sama ake kai kayan zaɓe ƙauyukan bakin teku. Ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai dubu 30 ba, ke nan ƙasa da ƙuri'a dubu ɗaya na iya zama kujera. Don haka a riƙa haɗa kason cikin ɗari da ainihin adadin ƙuri'u, domin sauyin da ya yi kama da guguwa a kan takarda yana iya zama canjin ra'ayin mutum ɗari biyu ko uku.

Saura masu cewa sabuwar majalisa za ta iya ayyana 'yanci da zarar ta ga dama. Dokar 2009 ta amince cewa shawarar 'yanci ta mutanen Girinlan ce, amma ta shimfiɗa matakai: a tattauna da gwamnatin Denmak, majalisar tsibirin ta amince da yarjejeniyar, jama'a su tabbatar da ita ta ƙuri'ar raba gardama, sannan majalisar Denmak ta ba da yardarta. Ga kuma tallafin da Denmak ke bayarwa kowace shekara, wanda ya kai kimanin kurona biliyan 4 na kuɗin Denmak, kusan rabin kasafin kuɗin gwamnatin yankin. Duk wanda zai yi bayanin matsayin wata jam'iyya kan 'yanci, ya faɗa wa mai karatu abin da ta ce za ta cike gurbin wannan kuɗi da shi, domin a nan ne ainihin saɓaninsu yake.