Yadda Nake Koya wa Yara Sanin Haƙoransu da Kula da Su

"Ai na yarinta ne, zai yi famfara wani ya fito." Amsar da na fi samu ke nan daga iyaye duk lokacin da na aika a kira su saboda na hango baƙin kogo a haƙorin ɗansu. Ni malamar aji biyu ce a firamare, yaran da nake wuni da su 'yan shekara 6 zuwa 8 ne, daidai lokacin da baki ke cike da giɓi da haƙora masu girgiɗi. Ina kuma da nawa a gida. Abin da zan faɗa shi ne abin da nake yi da su a aji da tsakar gida, kuma babu mai cin kuɗi a ciki.

Bari mu fara kawar da waccan magana ta famfara. Haƙoran yarinta guda 20 ne. Na farko yakan ɓullo wajen wata 6, su kammala fitowa wajen shekara 3. Na gaba su ke fara faɗuwa wajen shekara 6, amma turamen baya suna nan daram sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Ke nan idan turmi ya yi kogo yaro yana ɗan shekara 4, kika ce a jira famfara, shekara 6 ko fiye kika bar shi da ciwo, da tauna ta gefe ɗaya, da kukan dare. Sannan kowane haƙorin yarinta gurbi yake riƙe wa na manya. In ya ruɓe aka cire shi lokacinsa bai yi ba, na kusa da shi sai su matso, na manyan ya taho ya tarar babu wuri, ya fito a karkace ko ya hau kan ɗan'uwansa. Ba mu kaɗai ne da wannan sakacin ba: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran yarinta. Amma na gidanki ke za ki iya yi wa wani abu.

Darasin farko madubi ne kawai. Za ki yi mamakin yawan yaran da ba su taɓa leƙa cikin bakinsu ba, kuma yaro ba ya kula da abin da bai taɓa gani ba. Ki zaunar da shi inda akwai haske, ya wanke hannu, ki miƙa masa madubi ya buɗe baki ya ƙirga da yatsa, sama nawa, ƙasa nawa. A aji nakan sa kowa ya zana bakinsa a littafi, inda yake da giɓi ya bar wurin fili. Daga nan sai aikin kowane haƙori: na gaba gatsa, fiƙa yaga, turame niƙa. Wannan ba na faɗa musu da baki. Karas nake yankawa in raba, in ce kowa ya ci a hankali, ya gaya mini da wane haƙori ya fara, a kan wane ya ƙare. Ba a daɗewa wani zai ɗaga hannu da cikakken baki ya ce, "Malama, baya yake tafiya!" To shi ke nan ya gano da kansa, ba zai manta ba. A gida, ranar da Baba ya shigo da tsire ko kilishi, a tambaye su da wane haƙori suka yage naman.

Akwai haƙori guda da nake roƙon kowace uwa ta nemo shi da idonta. Wajen shekara 6, wani babban turmi yakan fito can ƙurya, bayan turamen yarinta, sama da ƙasa, dama da hagu, guda 4. Babu haƙorin da ya faɗi kafin ya fito, shi ya sa iyaye ke ɗauka na yarinta ne. Na manya ne, kuma ba shi da magaji. Samansa na da tsagi-tsagi inda abinci ke maƙalewa, buroshin yaro kuma ba ya kaiwa can sai an koya masa. Ki nuna wa yaron shi a madubi ki ce, "Wannan da shi za ka tsufa." Na lura suna jin daɗin maganar nan ƙwarai, har su riƙa nuna wa juna.

Sai kuma abin da ke cin haƙori. Yawancin yara da labarin tsutsa suke zuwa, wasu ma sun ga masu magani a kasuwa suna cewa sun fitar da ita. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune a cikin wani farin abu mai yauƙi da ke taruwa a jikin haƙori, musamman daf da dasashi. Idan suka sami sukari sai su ci su fitar da wani ruwa mai tsami, tsamin ne ke zaizaye ɓawon haƙori a hankali har ya yi rami. Da safe kafin a goge baki, ki sa yaron ya kankaro gindin haƙorinsa da farce mai tsabta, ya duba abin da ya fito, ya shinshina. Ba sai kin ƙara wani bayani ba.

Aikin tsami kuma da ƙwai nake nuna shi. A dafa ƙwai biyu, ɗaya a sa a kofin ruwa, ɗayan a kofin da aka matse lemon tsami har ya rufe shi. Ba da jimawa ba za a ga ƙananan kumfa suna tsattsafowa daga jikin ɓawon na cikin lemon. A bar su kwana biyu, a ciro, yara su shafa da yatsa. Na ruwa sumul yake da ƙarfinsa, na lemon ya yi kaushi, ɓawon yana murjewa a hannu. Ina gaya musu gaskiya cewa haƙori ya fi ɓawon ƙwai ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa shi wata da watanni yake ɗauka, amma hanyar ɗaya ce.

Maganar zaƙi ita ce inda iyaye suka fi shan wahala, kuma ni ban yarda da hanawa ƙaf ba, don ba ta yiwuwa. Yaro da kuɗin tara a aljihu, ga mai alawa da cingam da iloka da gullisuwa a bakin ƙofar makaranta, wa zai tsare shi? Abin da ya kamata ki sani shi ne yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki ya fi yawan zaƙin ɓarna. Duk sanda sukari ya shiga, tsamin nan yakan yi wajen rabin awa yana aiki kafin yawu ya wanke shi ya fara gyara wurin. Yaron da ya cinye alawa uku lokaci ɗaya bayan abincin rana ya fi wanda yake tsotsar ɗaya da safe, ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar kwanciyar hankali. Dokar gidana ke nan: zaƙi yana bin bayan abinci, ruwa yana bin bayan zaƙi. Tsakanin abinci da abinci kuma a ci gyaɗa, ko gwaiba, ko kankana, ko dafaffen ƙwai. Lemon kwalba na ranar biki ne, shi ga sukari ga tsami a tare. Zoɓo da kunun aya na gida ki rage musu sukari kaɗan-kaɗan, harshen yaro yana sabawa. Masu goyo kuma, don Allah kada a kwantar da jariri da fida mai shayi ko wani abu mai zaƙi a baki. Shi ke sa haƙoran gaba na sama su yi baƙi su guntule tun yaro bai iya magana ba.

To yanzu gogewar kanta. Sau biyu a rana, da safe da kuma daf da kwanciya, kuma in har ɗaya za ta kuɓuce, kada ta zama ta dare. Da barci yawu yana raguwa, abin da ya kwana a baki sai ya kama, kamar tukunyar da aka bari ta kwana da ƙanzo. A gidajenmu ta safe kowa ya sani, ta daren ce baƙuwa. Ni na ɗaura ta a jikin abin da ba ya tashi: an yi isha'i, an ci tuwo, sai buroshi, bayan shi babu abin da zai shiga baki sai ruwa.

A fara tun haƙori na farko. Buroshi ƙarami mai laushi, kowane yaro da nasa launin, ba a aro. Man goge baki ya kasance mai sinadarin fulorayid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori; ki duba jikin kwalin, lambar ta kai 1000 ppm ko sama. Ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama. Cika buroshi da mai daga farko zuwa ƙarshe aikin masu talla ne.

Har yaro ya kai shekara 7 ko 8, hannunsa bai ƙware ba, komai wayonsa. Ki bar shi ya fara da kansa don ya koya, ke ki ƙarasa. Kada ki tsaya a gabansa. Ki zauna a kujera ko tabarma, ya juya miki baya ya jingina kansa a jikinki, ki tallafi haɓarsa da hannu ɗaya. A haka kina ganin har ƙurya. Ki ɗan karkata buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, ki riƙa murzawa a zagaye, ƙanana-ƙanana, ba dirza kamar ana wankin takalmi ba. Waje, ciki, sannan saman turame, ki ɗaga leɓen sama ki goge gindin na gaba. Minti biyu ake so. Mu ƙirga muke yi tare, goma-goma a kowane sashe, shi yana ƙirgawa da yatsu tunda bakinsa a cike yake. Idan an gama ya tofar da kumfar, kada ya kurkure da ruwa. Na san wannan yana yi wa mutane banbaraƙwai, mu da muka saba da kurkurar baki, amma ɗan man da ya rage shi ke kwana yana aiki. Buroshi kuma a canza shi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje. Ku ma iyaye maza, ku goge naku a gabansu da dare. Yaron da ya ga Babansa tsugune a bakin rariya da buroshi ba sai an bi shi da tsawa ba.

Asuwaki ba kishiyar buroshi ba ne. Manzon Allah (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla, kuma da wannan nake nuna wa yara cewa tsabtar baki ibada ce. Wanda ya yi wayo a ba shi nasa, a koya masa tauna bakinsa har ya yi laushi, da yanke tsohon baki, da wankewa a ajiye. Ya yi asuwaki da rana lokacin alwala, safe da dare kuma buroshi da mai. Gawayi da toka dai a bar su, suna kankare ɓawon haƙori, shi kuma in ya tafi ba ya dawowa.

Lokacin famfara yara da yawa suna tsorata. Mu an ce mana in ƙadangare ya ga giɓin haƙori ba zai fito ba, muka riƙa yawo da hannu a baki. Ki gaya masa sabon yana nan a ƙarƙashi, shi ne ma yake turo tsohon. Ya riƙa kaɗa shi da harshe har ya faɗi da kansa, ba sai an ɗaura zare ba. Sabon zai fito da ɗan ɗorawa-ɗorawa, bakinsa da tsaga-tsaga, ya yi kamar ya fi ƙarfin fuskar. Duk lafiya ce.

Kada ki taɓa tsorata yaro da likitan haƙori, irin "in ba ka goge ba za a cire da filaya." Ranar da kike buƙatar kai shi sai kin ja shi a ƙasa. Ki kai shi a duba tun babu ciwo. Idan ciwon ya zo, kada a danna asfirin a kan dasashi, yana ƙona shi, balle ruwan batir da wasu ke ɗigawa a kogo. Zawo da zazzaɓi mai zafi a jikin jariri kuma kada a ce "haƙori ne" a zauna. A kai shi asibiti. Ba mu manta da maganin haƙorin nan My Pikin ba, wanda gurɓataccen sinadarin cikinsa ya kashe yara sama da 80 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009. Kuma in kika ga dasashin ƙaramin yaro yana jini, bakin yana wari mai tsanani, kunci ya fara kumbura, musamman yaro mai rama ko wanda ya tashi daga ƙyanda, ranar za a tafi asibiti. Haka ciwon noma ke farawa, cikin 'yan kwanaki yake cin fuska, alhali in an tare shi da wuri magani yana tsayar da shi. Akwai asibiti na musamman dominsa a Sakkwato tun 1999.

Saura faɗuwa a wajen wasa. Idan haƙorin yarinta ne ya fita, ba a mayar da shi, a danna tsumma mai tsabta jinin ya tsaya, a kai yaron a duba. Idan kuwa na manya ne ya fita ɗungurungum, a nemo shi, a riƙe shi ta kai kada a taɓa saiwar, in ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan ba tare da gogewa ba. A mayar da shi gurbinsa yaron ya cije tsumma, in hakan ya gagara a jefa shi a kofin madara, kada a naɗe shi a takarda ya bushe. A nufi likitan haƙori nan take, cikin awa ɗaya in da hali.