Kurakuran da masu sayen ƙaramar mota suka fi yi

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mutane da yawa a Kano suka ajiye manyan motocinsu, suka koma neman ƙanana irin su Toyota Yaris, Kia Picanto, Hyundai i10 da Honda Jazz, domin zuwa wurin aiki da kai yara makaranta. Dabara ce mai kyau, sai dai na gaji da ganin 'yan'uwa da abokan aiki suna faɗawa ramin da ni ma na taɓa faɗawa.

Babban kuskure shi ne mutum ya tsaya a kan tambaya ɗaya, wato yawan man da motar take sha, ya manta da tambayar inda zai samu kayan gyaranta. Haka na yi da motata ta farko. Na ga fenti yana sheƙi, farashi ya yi mini daɗi, na biya har da la'adar dillali, ban san cewa giyarta irin wadda ake kira CVT ce ba, wadda take aiki da bel na ƙarfe kuma take da manta na musamman. Bakaniken da na kai wa ya juye mata man giya na gama-gari, bayan 'yan makonni ta fara fizga idan na taka totur, daga bisani ta tsaya cak a tsakiyar cunkoso. Na zagaye kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa shago bayan shago, na aika Panteka a Kaduna, ba a samu giyar ba sai da aka yi cigiya a Ladipo da ke Legas. Wata huɗu motar tana ajiye a gareji ƙura tana rufe ta, ni kuwa ina biyan kuɗin adaidaita sahu safe da yamma, kuma duk abin da na yi tsammanin zan rage a gidan mai ya tafi a gyara guda. Tun daga lokacin, kafin in yi ciniki sai na shiga Ƙofar Ruwa na tambayi kuɗin shakazoba, famfon mai, lagireto da giyar wannan ƙirar. Idan shaguna uku suka ce sai an yi oda, na haƙura da motar komai arharta.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin ganganci ne zalla. Ta yaya mutum zai tara kuɗi shekara da shekaru, sannan ya yarda bakaniken da dillali ya kawo shi ne zai duba masa mota? Wanda zai ci la'ada idan ciniki ya faɗa ba zai nuna maka aibu ba. Ka zo da naka bakaniken, ka biya shi ladansa, kuma ka zo da sassafe kafin a tayar da injin, saboda injin da ya yi zafi yana ɓoye hayaƙi da ƙarar da yake yi idan ya kwana. Ni nakan buɗe murfin baƙin mai da kaina. Idan na ga abu fari-fari kamar madara a jikinsa, alama ce ruwa na haɗuwa da mai, kuma a nan maganar take ƙarewa.

Takardun kwastan ma ana wasa da su. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, saboda haka wanda aka ce masa mota 'yar Kwatano ce ya kamata ya ƙara lura. A gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin motar da wadda ke kan takarda, sannan a tabbatar da biyan haraji a ofishin kwastan kafin kuɗi su fita daga hannu.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Kada a sayi motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. A duba lambobi huɗu da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. A leƙa salansa a ga ko an cire abin tace hayaƙin da makanikai ke kira indomi. Mai zama a unguwar da ba kwalta ya tuna da damina, domin yawancin waɗannan motoci cikinsu a ƙasa yake.

Injin mai lita ɗaya kuma a gwada shi da rana tsaka, a kunna na'urar sanyaya iska, a ɗauki mutum huɗu, a hau gadar Ƙofar Nasarawa da shi. Idan allurar zafi ta fara hawa a wannan ɗan gwaji, to ba za ta jure cunkoson watan Afrilu ba.