Yadda ake zaɓar injinan hura iska da na motsa ruwa a tankin tace ruwan ƙazanta, da yadda ake kula da su

Duk wanda aka ɗora wa alhakin kula da tankin tace ruwan ƙazanta, a asibiti ne ko makarantar kwana ko mayanka ko rukunin gidaje, ya kamata ya fara sanin cewa ƙwayoyin bakteriya ne suke yin ainihin aikin. Su ne suke cinye dattin da ya narke a cikin ruwan, su hayayyafa, su dunƙule su zama wata laka mai launin ƙasa wadda ke kwantawa idan ruwan ya natsa. Injinan da ake kashe maƙudan kuɗi a kansu abu biyu kawai suke yi wa waɗannan ƙwayoyi: suna kai musu iskar oksijin da za su shaƙa, suna kuma motsa ruwan don kada lakar ta kwanta a ƙasa ta rabu da abincinta. Wannan dabara ta samo asali ne daga Manchester ta ƙasar Ingila, inda Edward Ardern da W. T. Lockett suka bayyana ta a shekarar 1914, kuma har yanzu a kanta yawancin manyan matatun ruwan ƙazanta na duniya suke tafiya. Hura iska kuwa ita ke lashe kusan rabin wutar lantarkin da matata irin wannan take sha, wani lokaci ma fiye da haka, shi ya sa kuskuren da aka tafka wajen zaɓar inji yakan bi mutum har tsawon rayuwar tankin.

Kafin a je wurin mai sayar da inji, a fara da lissafin oksijin da ake bukata. Ana ɗibar samfurin ruwan a lokuta daban-daban na yini, a kai ɗakin gwaji a auna abin da ake kira BOD, wato adadin oksijin da bakteriya za su sha cikin kwana biyar suna cin dattin da ke cikin lita ɗaya, sannan a auna sinadarin amoniya. A ɗauka, alal misali, makaranta tana fitar da ruwa mita kubik 500 a kullum, kowace mita kubik kuwa lita 1,000 ce, an kuma sami BOD miligiram 300 a lita. Wannan ya ba da kilo 150 na datti a yini, kuma tun da kowane kilo yana bukatar oksijin kilo ɗaya da ɗoriya, sai a ƙiyasta kilo 180. Amoniya ta fi haka ci: kowane kilo na naitirojin da ke cikinta yana shan oksijin kimanin kilo 4.6 kafin ya koma naitiret, saboda haka miligiram 30 a lita, wato kilo 15 a yini, zai ƙara kusan kilo 70. Jimilla ta kama kilo 250.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa da takardar da kamfani ya haɗo da injinsa. Alƙaluman da ke cikinta an same su ne a ruwa mai tsabta, a zafin digiri 20, a daidai doron teku, kuma a ruwan da babu oksijin a cikinsa ko kaɗan, inda iska ta fi saurin narkewa. Ruwan ƙazanta yana ɗauke da sabulu da maiƙo waɗanda ke lulluɓe ƙwayoyin iska su rage shigar oksijin. Zafi ma yana rage abin da ruwa zai iya riƙewa: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kimanin miligiram 9.1, a digiri 30 kuwa kimanin 7.6 ne kawai, alhali a lokacin ne bakteriya suka fi ci da sauri. Wanda ke aiki a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya yi lissafinsa da zafin ruwan watan Afrilu, wanda ke Jos kuma, mai tudun kusan mita 1,200, ya tuna cewa nauyin iskar wurin ya gaza na bakin teku da kusan kashi 13 cikin 100. Idan aka haɗa waɗannan duka, ba abin mamaki ba ne a ga kilo 250 ɗin nan ya koma neman injin da aka rubuta masa kilo 500 a takarda.

Hanyoyin shigar da iska manya guda biyu ne. Ta farko ita ce a girka injin hura iska a gefen tanki, mai aiki irin na zugazugin maƙeri, ya tura iska ta bututu zuwa faya-fayan da aka jera a ƙasan tankin. Kowane faifai an rufe shi da roba mai dubban ƙananan huji, galibi irin wadda ake kira EPDM, wadda ke buɗewa idan iska ta zo, ta kuma rufe idan an kashe inji don kada laka ta kutsa. Ƙwayoyin iskar da ke fitowa ba su wuce milimita 1 zuwa 3 ba, kuma ƙanƙantarsu ce amfaninsu, domin suna tashi a hankali, suna daɗewa a cikin ruwa. A ruwa mai tsabta, kowace mita ta zurfi tana narkar da kimanin kashi 6 cikin 100 na oksijin da ke cikin iskar, shi ya sa ake gina irin wannan tanki da zurfin mita 4 zuwa 6. A misalinmu na ɗazu, mita kubik ɗaya ta iska tana ɗauke da oksijin kimanin kilo 0.28, a zurfin mita 4 kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne zai shiga ruwa, saboda haka don a sami kilo 500 ɗin nan ana bukatar iska mita kubik 7,500 a yini, wato ɗan sama da 300 a awa. A ƙara rabin wannan saboda safiya, lokacin da kowa ke wanka da wanki a tare. Dole kuma injin ya iya ture nauyin ruwan: kowace mita ta zurfi tana daidai da matsin milibar 100 (milibar ma'aunin matsi ne), a ƙara kimanin wani 100 don bututu da roba, sai a nemi injin da zai ba da wannan iska a matsin milibar 500. A sayi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jira, a riƙa musanya su mako-mako.

Hanya ta biyu ita ce injin da ke zaune a saman ruwa, a kan gada ko a kan wani abu mai iyo, yana juya farfela yana watsa ruwan sama ya sha iska ya faɗo. Ya fi cin wuta idan aka kwatanta da oksijin da yake bayarwa, sau da yawa kusan ninki biyu, yana fesa ɗigon ƙazanta a kan duk abin da ke kusa, kuma ƙarfinsa ba ya kai wa ƙasa sosai idan zurfin ya wuce mita 4. Duk da haka, a ganina, ga wurin da babu ƙwararren ma'aikaci kuma babu tanki na biyu da za a karkatar da ruwa idan ana gyara, shi ne zaɓin mai hankali. Mota ce, wato injin lantarkin da ke juyawa, da akwatin giya da farfela, duk a fili, kuma bakaniken da ya saba da injin ban-ruwa zai iya canja masa boris ba tare da an kwashe ko bokiti ɗaya ba. Faya-fayan ƙasa kuwa, ranar da robarsu ta tsufa, bayan shekara biyar zuwa goma, sai an zubar da ruwan tankin gaba ɗaya, sai fa idan tun farko an ɗora su a kan firam ɗin da ake iya ɗagowa. Idan za a sa injin mai iyo a tafkin da aka shimfiɗa wa leda, a zuba kankare a daidai ƙarƙashinsa, in ba haka ba ruwan da yake zuƙowa zai yage shimfiɗar.

Irin ruwan ma yana da ta-cewa. Ruwan mayanka da na ɗakin girki yana da kitse mai kumbura robar EPDM ya lalata ta, don haka a sa matarin maiƙo a gaba, a kuma nemi faifai mai robar silikon ko foliyuretan. Ruwan masana'antun jima irin na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano yana zuwa da farar ƙasa da sinadarin salfaid. Farar ƙasar tana daskarewa ta toshe ƙananan huji, salfaid kuma yana shanye oksijin kafin bakteriya su samu. A tankin farko na irin wannan ruwa, bututu mai manyan huji ya fi dacewa, ko da yake oksijin da yake narkarwa bai kai rabin na ƙananan ba.

Motsa ruwa aiki ne mai zaman kansa, kuma akwai wuraren da ake son motsi ba tare da iska ba. Naitiret ɗin da aka samu daga amoniya ana iya mayar da shi wani sashe na tankin inda babu oksijin, inda bakteriya za su zare oksijin da ke jikinsa su saki naitirojin ya tashi sama. A wannan sashe ake nutsar da injin motsa ruwa, wanda ke aiki kamar maburgi a cikin tukunyar miya. Yana sauka a kan sandar ƙarfe marar tsatsa, da sarƙa ko igiyar ƙarfe da za a jawo shi da ita, kuma ƙarfin wat 5 zuwa 10 ga kowace mita kubik yakan wadatar a ƙaramin tanki. Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen ajiye shi. Idan ya yi kusa da saman ruwa, sai ya buɗe wani rami mai juyawa ya riƙa zuƙo iska, ya ɓata manufar sashen, ya kuma jijjiga kansa har sandar ta kwance. Idan aka fuskantar da shi kai tsaye ga bangon da ke kusa, ƙarfinsa a bangon zai ƙare, kusurwoyi su cika da laka. A karkata shi yadda ruwan zai zagaye tankin duka, sannan bayan mako guda a zura doguwar gora a kowace kusurwa a ji ko wani abu ya taru. A tankin da aka gina kamar zagayayyen kwari, irin wanda Pasveer ya ƙirƙiro a Holan a shekarun 1950, gudun ruwan bai kamata ya gaza santimita 30 a daƙiƙa ba. A sashen da ake hura iska kuma, iskar ce ke motsa lakar, don haka ko da dare, lokacin da datti ya ragu, kada a rage ta ƙasa da kimanin mita kubik 2 a awa ga kowane murabba'in mita na daɓen tankin.

Ranar girka faya-fayai, a hure bututun da iska mai ƙarfi kafin a ɗaura su, domin yashi da ɓurɓushin yankan bututu suna toshe roba daga ciki inda hannu ba ya kaiwa. A daidaita su a layi ɗaya, kada bambancin tsayi ya kai santimita ɗaya, saboda iska tana bin inda ruwa ya fi sauƙi, faifan da ya fi tudu sai ya kwashe rabon na ƙasa da shi. Daga nan a zuba ruwa mai tsabta ya rufe su da 'yan santimitoci, a kunna inji, a zagaya a duba: inda aka ga ruwa na tafasa da manyan ƙwayoyi akwai yoyo, inda aka ga shiru akwai toshiya. Kada a bar robar a rana kwana da kwanaki ana jiran ƙarasa gini. Bututun da ke fita daga bakin inji ya zama na ƙarfe, domin iskar da aka matse tana fitowa da zafin da zai lanƙwasa PVC, a kuma sa bawul mai hana komowa.

Bayan an fara aiki, na'urar auna narkakken oksijin ita ce idon ma'aikaci. Abin da ake nema shi ne kimanin miligiram 2 a lita. Ƙasa da 1, lakar takan yi baƙi, wari ya tashi, wasu bakteriya masu kama da zare su yawaita su hana ta kwanciya. Sama da 3 ko 4 kuwa asarar man janareta ce kawai. Kowace safiya a cika kwalbar awo ta lita ɗaya da ruwan tankin, a ajiye minti 30, a rubuta inda lakar ta tsaya da yadda ruwan samanta ya washe. A rubuta abin da agogon matsi ya nuna shi ma, domin hawansa a hankali da milibar 50 ko fiye alama ce ta faya-fayai sun fara toshewa; wani lokaci ƙara iska sosai na 'yan mintoci yana karkaɗe su, idan kuma daskararren gishiri ne, akan fesa ɗan asid na fomik a cikin bututun iska bisa umarnin kamfanin da ya ƙera su. A lokacin hunturu, ƙurar da ke tasowa tana cika matatar iskar inji cikin 'yan kwanaki, inji ya yi ta zafi yana nishi, don haka a duba ta kowane mako maimakon jiran watannin da littafinsa ya faɗa. Leda da tsummoki da gashi kuwa farfela suke naɗewa, kuma rariyar ƙarfe a mashigar ruwa, wadda ake sharewa safe da yamma, ta fi kowane gyara araha.

Ɗaukewar wuta ita ce babbar jarrabawar irin wannan tanki. Bakteriya suna jure 'yan awoyi, amma idan aka kwana aka yini babu iska, tankin yakan ruɓe, kuma masu cin amoniya, da yake a hankali suke hayayyafa, suna iya ɗaukar makonni kafin su farfaɗo. Saboda haka injin hura iska ya kasance cikin abubuwan farko da ke kan layin janareta, a kuma tabbatar janaretan zai iya ɗaukar fizgar da mota ke yi lokacin tashi, wadda ta ninka cinta na yau da kullum sau da yawa.

Kafin kowa ya taɓa farfela, a kashe wutar daga allo, a sa kwaɗo, mai gyaran ya riƙe makullin a aljihunsa. Lakar da ta daɗe a kwance tana fitar da iskar haidurojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, take kuma taruwa a ƙasan tanki. Idan ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce. Ba a shiga tankin da aka kwashe sai an hura masa iska an auna da na'ura, an ɗaura wa mai shiga igiya a jiki, mutum biyu kuma suna tsaye a sama riƙe da ita.