Kafin ka sayi monita ta gem, juya ta ka duba bayanta

Duk wanda ya zo neman shawarata kan monita ta gem, tambayarsa ta farko ita ce inci nawa zai saya. Ni kuwa sai na fara tambayarsa da wace na'ura zai haɗa ta, kuma ta ina yake son sautin ya fito. Talabijin tana zuwa da sifikarta, da ka soka waya sai ka ji ƙara. Monita ba haka take ba. Da yawa cikin masu kyau ba su da sifika ko ɗaya, waɗanda ke da ita kuma ƙarama ce, wat 2 ko 3, sautinta siriri kamar na rediyon da batirinsa ya yi sanyi.

Bari mu fara da hoto, don shi ya fi sauƙi. Idan na'urar gem ta PlayStation 4 (PS4) gare ka, ba ta wuce 60Hz, wato hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, don haka kuɗin da za ka ƙara saboda 144Hz bai amfane ka da komai ba. PS5, wadda ta fito a 2020, tana kaiwa 120Hz a wasannin da suka yarda da hakan, irin su Call of Duty da Fortnite, kuma tun 2022 take karɓar 1440p, wato hoto mai layukan ɗigo 1440 daga sama zuwa ƙasa, wanda ya fi 1080p kaifi amma bai kai 4K ba. Mai son 4K a 120Hz sai ya nemi monita mai HDMI 2.1, ita kuwa da tsada. Mai kwamfuta ya duba ƙarfin katin hotonsa tukuna, don monita ba ta ƙara wa kati ƙarfi.

Ra'ayina: inci 24 da 1080p, ko inci 27 da 1440p. Inci 27 mai 1080p a kan tebur, dab da fuskarka, za ka riƙa ganin ƙwayoyin hoton. A nau'in gilashi na fi son IPS, saboda launinsa ba ya dusashewa ko da aboki na zaune a gefe kuna buga ƙwallo. VA ya fi baƙi mai zurfi, sai dai wani lokaci yakan bar inuwa bayan abu mai gudu a wuri mai duhu. Wannan 1ms da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali kuwa, wato saurin da ɗigon allo ke canja launi, kada ya ruɗe ka, idonka ne alƙali.

To, yanzu juya ta. HDMI da DisplayPort suna ɗauke da hoto da sauti a waya ɗaya. VGA, mai shuɗin kai da kusoshi biyu, hoto kaɗai take kaiwa, DVI ma kada ka dogara da ita wajen sauti. Wannan ya shafi monitocin ofis na hannu, irin Dell da HP, da suka cika kasuwanni kamar Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja. Suna da ƙwari da araha, amma wasu ba su da HDMI sam. Kada kowa ya ce maka wayar da kai ɗaya HDMI ɗaya DisplayPort za ta haɗa maka PS5 da irin wannan monita. Galibin wayoyin nan hanya ɗaya suke bi, daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na allo. Akasin haka sai da na'urar juyawa ta musamman mai jan wuta.

Abin da nake fara laluba a bayan monita shi ne ɗan ramin nan zagayayye na milimita 3.5. Ka karanta abin da ke kusa da shi. Idan hoton hedifon ne, ko an rubuta Audio Out, ka dace: sautin da ya shigo ta HDMI zai fita ta nan, sai ka soka hedifon ko wayar sifikar tebur mai wutar kanta. Idan Audio In aka rubuta, ramin shigarwa ne, an yi shi don ciyar da sifikar cikin monita lokacin da ake aiki da VGA, ba abin da zai fito ta cikinsa. Ramukan biyu kamanninsu ɗaya, nan ne mutane suka fi yin asara. Kuma idan ka haɗa ka ji shiru, shiga menu na monitar da maɓallan jikinta, sau da yawa an rage ƙarar ne ko an kashe ta.

Idan babu ramin fa? Mai kwamfuta ba shi da damuwa. Ya soka sifika a koren ramin bayan kwamfuta, ruwan hoda na makirfo ne. Abin lura shi ne Windows takan mayar da sauti zuwa monita da zarar ka haɗa HDMI, sai ka shiga Settings, System, Sound ka zaɓi sifikarka da kanka.

Mai PS5 ne ke da ɗan aiki, domin na'urar ba ta da ramin hedifon a jikinta, kuma an cire mata ramin optical, mai fitar da sauti ta wayar haske, da PS4 ta farko da PS4 Pro suke da shi. Hanya mafi arha ita ce ramin da ke ƙasan kontirola. Soka hedifon, je Settings, Sound, Audio Output, ka tabbatar Output to Headphones yana kan All Audio, in ba haka ba muryar abokan hira kaɗai za ka ji. Hedifon mai USB ma yana aiki. Na Bluetooth da kake amfani da shi a wayarka kuwa PS5 ba ta karɓarsa kai tsaye, sai da ɗan abin USB, kuma yakan kawo jinkiri: ka harba bindiga, ƙarar ta zo daga baya.

Idan sifika kake so a ɗaki kowa ya ji, nemi ƙaramin akwatin da 'yan kasuwa ke kira HDMI audio extractor. Waya daga PS5 ta shiga cikinsa, wata ta fita zuwa monita, shi kuma ya ware sautin ya ba ka ta ramin hedifon ko optical. A nan ka yi hattara sosai, masu arha da yawa suna tsayawa a 60Hz, sai ka sayi monita mai gudu akwatin ya daƙile ta. Karanta abin da yake ɗauka kafin ka biya, sannan ka sa tsarin sautin PS5 a Linear PCM. Idan sifika na yin gurnani ƙasa-ƙasa, gwada soka ta a soket ɗaya da monitar, sau da yawa yana raguwa.

Ranar saye, tafi da hedifonka da wayar HDMI taka. A kunna maka a shago, a nuna allo fari tas, sannan baƙi, ja, kore da shuɗi, ka nemi ɗigon da ba ya canja launi. Soka hedifon ka ji sauti da kunnenka. Idan monitar mai adafta ce a waje, tabbatar ta asali aka ba ka, kuma yadda wutarmu ke hawa da sauka, kada ka soka ta a bango kai tsaye ba tare da abin kariya ko UPS ba. Da ka isa gida, mai kwamfuta ya buɗe Advanced display a cikin Settings ya ɗaga gudun zuwa iyakar abin da monitar ke kaiwa, misali 144Hz, domin Windows takan bar shi a 60.