Kafin ka sayi ɗan kwikwiyon haski a Saudiyya

Wani ƙanenmu da bai fi wata uku da sauka Riyad ba ya turo mini hoton ɗan kwikwiyo mai shuɗayen idanu, ya ce, "Yaya, a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, na gan shi, zan saya ya riƙa ɗebe mini kewa." Na tambaye shi ko ya taɓa cin bazara a garin nan. Ya ce a'a. Na ce to zauna mu yi magana.

Haski karen Saiberiya ne. Mutanen Cukci ne suka yi kiwonsa don ya ja musu kaya a kan ƙanƙara, tafiya mai nisa cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Gashinsa hawa biyu ne, kamar wanda ya sa rigar sanyi ya ɗora bargo. A Riyad kuwa, watan Yuli da Agusta zafi kan kai 45 a ma'auni. A Jidda lambar ba ta cika kai haka ba, amma gumin ya isa. Ke nan na'urar sanyaya ɗaki ba za ta mutu ba dare da rana, ko kana gida ko kana wurin aiki, kuma kai za ka biya kuɗin wutar. Kada wani ya ce maka a aske shi ya sha iska: gashin nan shi ke kare fatarsa daga rana. Sau biyu a shekara yake zubar da shi, ka same shi a darduma, a jallabiya, har cikin kwanon kabsa.

Babbar wahalar ma ba zafin ba ce. Karen gudu ne, yana son awa ɗaya zuwa biyu a waje kullum, kuma da rana kwalta ƙona masa tafin ƙafa take yi. Sai dai bayan Asuba ko bayan Isha'i. In ka kulle shi a ɗakin haya ka tafi aiki tun safe, katifa da takalma za su gaya maka. Ba ya yawan haushi, kuka yake ja mai tsawo irin na kyarkeci, wanda ke ratsa bango har gidan maƙwabci. Gadi kuwa, manta. Ɓarawo ma kaɗa masa wutsiya zai yi.

Sai maganar mutane. Mu Malikawa muna da sassauci kan tsarkin jikin kare, amma a nan mazhabar Hambali ce ta fi ƙarfi, najasa suke ɗaukarsa. Hadisin raguwar lada ga mai ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, kowa ya san shi, mu da su. Masu gidajen haya da yawa ba sa yarda, kuma haris, wato mai gadin gidan, ba zai rufa maka asiri ba. Waɗanda ka ga suna yawo da irinsa, galibi a rukunin gidajen baƙi masu katanga suke, ko suna da fili nasu.

Ka kuma yi lissafin shekaru. Haski na rayuwa shekara 12 zuwa 14, kai kuma igamarka, wato takardar izinin zamanka, sabuntawa ake yi. Ran da za ka tafi hutu Kano, wa zai riƙe shi? Ran da aiki ya ƙare, fitar da shi na buƙatar takardun rigakafi, musamman na haukar kare, da izinin ma'aikatar muhalli da ruwa da noma, da kuɗin jirgi nasa na daban.

In gona kake aiki ko wurin kiwo, nemi saluki, karen farautar Larabawa, ɗan ƙasa ne, ya san zafin nan. Ƙanen namu dai kyanwa ya ɗauko a bakin shagon unguwarsu, ya kai ta likitan dabbobi aka yi mata allura. Yanzu ƙorafinsa ɗaya, ta ƙwace masa matashin kai.